Sharhi: Kafafen sada zumunta da makomar bukukuwan al'adun Najeriya

A ranar Talata, 18 ga watan Yunin 2024, rana ta uku ta Babbar Sallah, aka gudanar da bikin Ojude Oba a garin Ijebu-Ode na jihar Ogun kamar yadda aka saba kowace shekara. Kafin wayewar gari, hoton wani mahayin doki sanye da babbar riga saƙin Yarabawa mai launin kore da rawaya ya karaɗe shafukan X da Instagram da Facebook, har ya tsallaka ƙasashen waje.

Mahayin, Farooq Oreagba, jami'i ne a harkar kasuwar hannun jari a Legas. Ya daɗe yana hawa a wannan biki ba tare da hawan nasa ya ja hankalin kowa a wajen ƙasar Ijebu ba. Cikin 'yan kwanaki Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, NCAC, ta naɗa shi jakadan girmamawa, kamfanoni suka shiga neman sa domin talla, kuma miliyoyin 'yan Najeriya da ba su taɓa jin sunan bikin ba suka fara tambayar ranar da za a sake yin sa.

A daidai wannan sallar ce rundunar 'yan sanda ta haramta haye-hayen sallah a Kano saboda taƙaddamar sarautar da ta ɓarke a watan Mayun shekarar. Bayan wata shida, a taron da ta yi a Asuncion, babban birnin Paraguay, Hukumar Raya Ilimi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Duk da wannan karramawa, an sake haramta hawan a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallar 2025.

Waɗannan labarai biyu sun nuna iyakar abin da kafafen sada zumunta za su iya yi wa bikin al'ada. Suna iya kai hotonsa ƙarshen duniya cikin dare guda. Amma kafin ɗan kallo ya ajiye waya, ya sayi tikiti, ya kama ɗaki a otal, ya sayi takalmin fata a kasuwar gari, sai ya tabbata cewa bikin zai auku a ranar da aka ce, a wurin da aka ce, kuma zai koma gida lafiya. A nan ne yawancin bukukuwan ƙasar nan suke da rauni, musamman na arewa.

Sabon mai shela

Tallata biki tsohuwar sana'a ce. A ƙasar Hausa sanƙira da mai shela ne suke bi unguwa-unguwa da kasuwa-kasuwa suna sanar da ranar wasa, fatake kuma su ɗauki labarin zuwa wasu garuruwa. Da rediyo ya zo, sai murya ta yi nisa. Ta hanyar rediyo da kaset ne sunan ɗan dambe Shago ya shiga kowane gida a bakin makaɗi Ɗan Anace. Gagarumin hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977 ya isa ga jama'a ta talabijin da jaridu da hotunan da gwamnati ta buga.

Duk waɗannan kafafe na da mai tsaron ƙofa. Edita ko shugaban tasha ne ke zaɓar bikin da za a nuna da wanda za a bari. Bikin da ba shi da uwa a gindin murhu a Legas ko Kaduna yakan ƙare a garinsu, daga shi sai mutanen da suka halarta.

Wayar hannu ta kawar da wannan shinge. Rahoton da kamfanin DataReportal ya fitar a farkon 2025 ya ƙiyasta masu amfani da intanet a Najeriya da kimanin miliyan 107, masu shafukan sada zumunta kuma kimanin miliyan 38.7. Yau kowane matashi da ke tsaye a gefen hanyar da sarki zai wuce yana riƙe da kyamara da tashar watsa shirye-shirye a tafin hannunsa. Bikin Afan na Kagoro, da Nzem Berom na Filato, da Tuk Ham na Kwoi, da Sallar Gani ta Daura, da bikin kamun kifin Bade a Yobe, duk suna iya isa ga ɗan asalin garin da ke zaune a Jidda ko Landan a daidai lokacin da ake yin su.

Kuɗin tallar ma ya ragu ƙwarai. Abin da ƙaramar hukuma za ta kashe wajen sayen minti ɗaya a talabijin na ƙasa zai ishi matasa biyar sayen data su watsa biki kai tsaye tun daga farkonsa har ƙarshe.

Abin da hoton bai nuna ba

Mutane da yawa sun ɗauki shaharar Ojude Oba a matsayin sa'a, wato mai ɗaukar hoto ya dace da mahayi mai kwarjini. Tarihin bikin ya nuna cewa sa'ar ta tarar da shiri.

Bikin ya haura shekara ɗari. Ya samo asali ne daga gaisuwar da Musulmin Ijebu suke kai wa sarkinsu, Awujale, bayan Babbar Sallah, domin godiya kan 'yancin addini da ya ba su. A yau Kiristoci da masu addinin gargajiya duk suna shiga. Marigayi Oba Sikiru Kayode Adetona, wanda ya yi sarauta daga 1960 har zuwa rasuwarsa a watan Yulin 2025, ya farfaɗo da ƙungiyoyin tsara da ake kira Regberegbe. Kowace ƙungiya tana tara kuɗi, ta zaɓi yadi, ta ba maɗinka aiki watanni kafin ranar, saboda akwai gasa da kyauta. Gidajen Balogun, wato zuriyar mayaƙan Ijebu, su ne ke fitowa da dawaki. An gina filin taro na musamman a gaban fada. Kamfanin sadarwa na Globacom da bankin FCMB, waɗanda 'yan ƙasar Ijebu ne suka kafa su, sun shafe shekaru suna ɗaukar nauyi.

Sakamakon haka, masu ɗaukar hoto na Legas sun san ranar, sun san inda za su tsaya, sun san za a bar su su yi aikinsu. Da hoton ya bazu kuma jama'a suka tambayi lokacin da za a sake, akwai amsa a shirye: rana ta uku ta Babbar Sallah mai zuwa. A 2025 garin ya cika ya batse da baƙi.

Haka abin yake a Kalaba. Tun da gwamnatin Donald Duke ta fara bikin kanibal a 2004, watan Disamba ya zama lokacin da masu otal da direbobi da masu abinci a jihar Kuros Riba suke lissafi da shi. Annobar korona ta dakatar da bikin a 2020 da 2021, aka dawo da shi a 2022, a cikin watan da jama'a suka saba.

Arewa: kayan kallo birjik, jadawali babu tabbas

Idan batun abin da ke ɗaukar ido ne, hawan sallah ba ya jin tsoron kowane biki a Afirka. Dubban dawaki da adon jalala da sirdi mai ƙyalli, 'yan lifidi da 'yan sulke, dogarai da jajayen riguna, kakaki da algaita da tambari, hakimai suna kai jafi ɗaya bayan ɗaya, duk abubuwa ne da kyamara ke nema. Masana tarihi na danganta tsarin hawan Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kuma kowace rana da ma'anarta. A Hawan Daushe sarki yana zuwa Babban Ɗaki gaishe da mahaifiyarsa, a Hawan Nassarawa yana ziyartar gidan gwamnati, sannan ga Hawan Ɗorayi da na Fanisau. Katsina, Zazzau, Daura, Haɗeja, Bauchi, Bida da Ilori duk suna da nasu.

Abin da ya rage shi ne tabbas. Mai shirya tafiyar 'yan yawon buɗe ido daga Turai ko Asiya yana sayar da kujeru ne wata shida ko shekara guda kafin tafiya. Idan aka soke biki ana saura kwana biyu, shi zai biya diyya, kuma da wuya ya sake sanya garin a lissafinsa. Wasu kan ce ganin wata ne ke hana a tsayar da rana. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin saɓanin bai wuce na kwana guda ba, kuma Ojude Oba ma da ganin watan yake tafiya.

Tarihin Argungu ya ƙara fito da matsalar. An fara bikin kamun kifin ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ganin dubban masunta sun ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, da wasannin Kabanci na ninƙaya da tseren kwalekwale da kamun agwagwa, ya sa bikin ya yi suna a duniya tun kafin a san intanet. UNESCO ta karrama shi a 2016, a tsakiyar wani tsaiko na kimanin shekara goma da ba a yi shi ba. Sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Wato shekarun da Facebook da WhatsApp suka shiga hannun talakan Najeriya, Argungu ba shi da sabon hoton da zai nuna. Bikin kamun kifi na Nwonyo a garin Ibi na jihar Taraba ma ya shafe fiye da shekara goma a kwance kafin a tashe shi a 2024.

Akwai darasi a maƙwabta. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawar gargajiya ta neman takobi a 1975, tana zagayawa da ita jiha-jiha. Da yake jama'a sun saba da zuwanta, Hausawan Sakkwato da Katsina da Jigawa suna bibiyar ta kamar tasu, a da ta rediyo, yanzu kuma ta bidiyon kai tsaye a Facebook.

Inda aka yi nasara

Ba a rasa misalan da 'yan arewa suka yi amfani da waɗannan kafafe yadda ya kamata ba. Ranar Hausa ta Duniya ita ce mafi bayyana. A 2015 ɗan jarida Abdulbaƙi Aliyu Jari da abokansa suka ƙaddamar da maudu'in #RanarHausa, suna kira ga jama'a su yi rubutu da Hausa, su kawo karin magana, su sanya hotunansu da kayan gargajiya. Babu kasafin kuɗi, babu ofis. Abin da suka riƙe shi ne rana guda da ba ta sauyawa, 26 ga Agusta, da suna guda da kowa zai rubuta. Cikin 'yan shekaru ranar ta sauko daga waya zuwa fili, ana taruka a fadoji da jami'o'i a Najeriya da Nijar da Ghana da wasu ƙasashen da Hausawa ke zaune.

Dambe ma ya samu irin wannan tagomashi. Wasa ne da aka san shi da mahauta da lokacin kaka, ana yin sa a gidajen dambe tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa. Tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta jawo miliyoyin masu kallo daga ƙasashen da ba a jin Hausa. Daga baya kamfanin African Warriors ya tsara gasa mai dokoki da alƙalai, har ya ƙulla yarjejeniyar nuna wasan da kafar wasanni ta DAZN a 2025. Sirrin a nan shi ne yawan fitar da bidiyo ba tare da yankewa ba, da sanya sunan kowane ɗan wasa, da fassara abin da ke faruwa ga wanda bai san wasan ba.

A fagen adabi, bikin littattafai na Ake, wanda aka fara a Abeokuta a 2013, ya koma intanet kacokan a 2020 saboda korona. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, da na Hausa na ƙasa da ƙasa, HIBAF, da aka fara a Kaduna a 2021, sun dogara ƙwarai da shafukan sada zumunta wajen sanar da baƙi da jadawalin zama da yin rajista.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne akwai wani takamaiman mutum ko kwamiti da ke riƙe da shafin duk shekara. Yawancin bukukuwan gargajiya kuwa ba su da shafi na hukuma. Wanda ya nemi ranar Hawan Bariki ko hanyar da sarki zai bi ko wurin da baƙo zai zauna, sai dai ya dogara da abin da wani ya rubuta a WhatsApp. Inda aka buɗe shafin ma, yakan farka ana saura mako guda, ya koma barci washegarin biki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa ke kwashe kuɗin?

Tun tsakiyar 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa masu ƙirƙirar bidiyo a Najeriya damar samun kuɗin talla a Facebook, ƙari a kan YouTube da ya daɗe yana biya. Wannan ya mayar da kowane biki wurin neman abinci ga matasa masu waya, kuma abin maraba ne a ƙasar da rashin aikin yi ya yi katutu.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Dokin da ke cikin bidiyon wani ne ya yi shekara yana ciyar da shi. Baduku ne ya ɗinka kayan adonsa, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa. Rigar mahayin ta ci watanni a hannun mai aikin allura, shuɗin rawaninsa kuma wataƙila daga karofin Ƙofar Mata ya fito. Makaɗin da sautinsa ya ƙawata bidiyon ya gaji kiɗan ne kaka da kakanni. A mafi yawan lokuta ko sunan ɗaya daga cikinsu ba ya fitowa, balle lambar da mai saye zai kira. Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga fasahohin gargajiya na al'umma, ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya alhakin kula da su, ta kuma ba da hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Amma makaɗin ƙauye da bai san da dokar ba, ba zai iya cin moriyarta ba. Masarautu da ƙungiyoyin masu sana'a ne ya kamata su tsaya masa, su yi wa masu ɗaukar hoto na kasuwanci rajista, su gindaya sharaɗin ambaton suna da garin duk mai fasahar da aka nuna.

Ribar da ta fi ɗorewa tana cikin cinikin da ke biyo bayan kallo. Bayan kowane Ojude Oba, masu saƙar aso-oke da maɗinka da masu ɗaurin gwaggwaro suna sanya hotunan aikinsu a Instagram tare da lambar waya, kuma oda tana shigo musu daga ciki da wajen ƙasa. Babu abin da zai hana dukawan Kano da masaƙan Zariya da maƙeran tagulla na Bida yin haka, in an koya musu kuma an haɗa shafukansu da na bikin.

Illolin da ke tafe da shahara

Manhajojin sada zumunta suna fifita abin da ke tsayar da yatsa cikin daƙiƙa uku. Wannan ya sa ɓangaren biki da ya fi tayar da hankali shi ne ya fi yawo. Sharon Fulani yakan koma bidiyon bulala kawai, babu bayanin ƙa'idojinsa da matsayinsa a tarbiyyar samari. Wasan 'yan tauri yakan fito kamar tashin hankali. Idan rikici ya ɓarke tsakanin 'yan daba a gefen hawa, bidiyon minti ɗaya na iya shafe kyawun kwana huɗu. Akan kuma tono tsohon bidiyo a ce na jiya ne, ko a ɗauko na wani gari a laƙaba wa wani, ga kuma hotunan ƙirƙirarriyar basira da ke nuna abin da bai taɓa faruwa ba. Bikin da ba shi da shafin da jama'a suka amince da shi ba shi da bakin ƙaryata irin wannan.

Akwai kuma batun alfarma. Bukukuwa da dama suna da sassan da masu su ba sa son a ɗauka. Kurmin Osun-Osogbo, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, wurin ibada ne ga masu shi kafin ya zama wurin yawon buɗe ido. A fadojin arewa akwai wuraren da baƙo ba ya shiga, akwai kuma matan da ba su yarda hotonsu ya fita ba. Idan ba a rubuta ƙa'ida an sanar da ita tun da wuri ba, za a riƙa samun saɓani tsakanin dattawa masu riƙon al'ada da matasa masu neman mabiya.

Haka nan shahara kan sauya bikin kansa. Bayan 2024 an ji wasu 'yan Ijebu suna ƙorafin cewa gasar ado da zuwan fitattun mutane na neman danne gaisuwar sarki, wadda ita ce asalin taron, ga cunkoso da tsadar masauki. Duk bikin da ya samu karɓuwa zai fuskanci wannan, kuma gara masu shi su yanke abin da ba za a taɓa ba tun kafin masu ɗaukar nauyi su yanke musu.

Dogaro da dandalin da ba naka ba shi ma haɗari ne. An dakatar da Twitter a Najeriya daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda matsalar tsaro. A 2025 kamfanin Meta ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a ƙasar kan tarar da hukumomi suka ci shi, ciki har da ta dala miliyan 220 daga hukumar kare haƙƙin masu saye. A watan Janairun shekarar kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Masarautar da duk tarihin hawanta na shekara goma yake a shafin wani matashi na iya wayar gari ta tarar an rufe shafin, komai ya tafi.

Abin da ya rage a yi

A watan Agustan 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira ƙarƙashin Hannatu Musa Musawa, aka haɗe ta da yawon buɗe ido a watan Oktoban 2024. Ma'aikatar ta sanya wa kanta burin samar da ayyuka miliyan biyu da ƙara dala biliyan 100 ga tattalin arzikin ƙasa nan da 2030. An kuma fara bayar da biza ta intanet a watan Mayun 2025, abin da zai sauƙaƙa wa baƙi shigowa. Kayan da za a tallata ma suna nan. Baya ga Argungu da hawan Kano, jerin UNESCO ya ƙunshi wasan Kwagh-hir na Tibi, da dodon Ijele na ƙasar Ibo, da bikin Sango na Oyo, da Gelede da Ifa na Yarabawa. Ga kuma bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFEST, da ake yi tun 1970 domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa.

Matakin farko ba ya buƙatar biliyoyi. Jadawali ne na ƙasa, guda ɗaya, da zai nuna ranar kowane babban biki shekara guda kafin lokacinsa, da Hausa da Turanci da Faransanci da Larabci, a kuma riƙa sabunta shi. Masu jin Hausa a Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan su ne baƙin da suka fi kusa, kuma da yawansu Faransanci ko Larabci suke karantawa baya ga Hausa.

Na biyu, kowace masarauta ko kwamitin biki ya mallaki tantantaccen shafi da ƙaramin ofishin matasa da ake biyan su, masu aiki duk shekara. Tsakanin sallah da sallah akwai labarai da yawa: yadda ake horar da doki, yadda ake naɗa rawani mai kunne biyu da wanda ya cancanci naɗa shi, ma'anar kowace sarauta, aikin Sarkin Ruwa kafin a faɗa kogi. Irin wannan bayani ne ke sa baƙo ya fahimci abin da yake kallo, ya kuma sa ɗan gida ya san gadonsa. A ajiye ainihin hotuna da bidiyo a rumbun masarauta ko jami'a ko gidan tarihi, abin da ke shafin sada zumunta ya zama kwafi.

Na uku shi ne ƙidaya. Yawan masu danna alamar so ba ya nuna ko biki ya amfani gari. Adadin ɗakunan otal da aka kama, da motocin da suka shigo, da cinikin 'yan kasuwa a makon, su ne alƙaluman da za a nuna wa kamfani a nemi ya ɗauki nauyi. Jihohi kaɗan ne ke tattara su.

Mataki mafi nauyi yana wuyan shugabanni. Tsaron hanyoyi, da raba bukukuwa da rigingimun siyasa da na sarauta, da sanya kuɗinsu a kasafi ta yadda sauyin gwamna ba zai kashe su ba, ayyuka ne da babu manhajar da za ta yi su. Duk sallar da aka soke hawa, asarar tana sauka ne a kan mai hayar doki da baduku da maɗinki da mai sayar da fura, waɗanda suka ci bashi suka yi shiri, sannan a kan yaran da za su girma ba su ga jafi da idonsu ba.

Matasan da ke riƙe da wayoyi sun riga sun nuna cewa za su iya kai hoton kowane biki duk inda ake so. Idan aka tambaye su ranar da za a sake hawa a Kano ko faɗawa ruwa a Argungu, amsar tana hannun gwamnatoci da masarautu da jami'an tsaro, kuma da wannan amsa ce baƙo zai yanke shawarar ko ya taso ko ya ci gaba da kallo daga nesa.